Rawar da Divna Ta Ba Kanta

'Yata Divna ta rasu a Belgrade a ƙarshen hunturu, tana da shekara arba'in da bakwai. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, mahaifiyarta kuma ta riga ta. Jami'ar da take koyarwa ta shirya mata taro, aka yi jawabai, aka karanto sunayen littattafanta. Ina zaune a layin gaba, abu ɗaya ne a raina. A Lunka, ƙauyen mahaifiyarta, duk wanda ya mutu sai nasa sun ba shi rawa. In ba a ba shi ba, a can inda ya je a gefe zai riƙa tsayawa yana kallon 'yan'uwansa suna zagayawa, ba mai miƙo masa hannu. Ni malamin lissafi ne, kuma ban taɓa cewa na gaskata wannan ba. Amma ni kaɗai na rage mata, kuma a ganina shi kaɗai ne abin da ya rage a yi mata.

Matata Stamena 'yar ƙabilar Vlah ce, masu yarensu daban. Ta bar Lunka tana budurwa, ta zama nas a Negotin, a nan muka haɗu, a nan muka zauna. A cikin gari ba ta yin yarensu ko da wasa, sai in ta ƙone hannu a kicin. Amma duk hutun bazara takan tura Divna wurin yayarta Floara, yarinyar ta dawo da kaushi a dugadugai da sabon taku. Tana wanke kwanuka ƙafafunta suna aiki a ƙasa, daga ƙugu zuwa sama kuwa kamar an dasa ta. Haka ake rawa a Lunka: a riƙe ɗamarar juna, a matse kafaɗa da kafaɗa, taku ƙanana masu sauri, fuska a rufe.

Mai gogen ƙauyen a lokacin Paun ne, wani siririn mutum mai haƙorin azurfa. A wani biki, Divna tana 'yar shekara tara, na ga ya bar amarya da ango ya dawo gaban yarinyar ya sunkuya, yana kiɗa yana kallon ƙafarta. Ya ƙara sauri, ta bi shi. Ya sake ƙarawa, ta bi shi. Da ya tsaya ya share gumi ya ce da ni, "Malam, ka tabbata taka ce? Kai da ko atishawa ba ka yi a kan kiɗa."

Ta je Belgrade ta karanci ilimin al'adun jama'a, a lokaci guda kuma ta shiga wata babbar ƙungiyar rawar gargajiya. Da safe lacca, da yamma atisaye. Sun je ƙasashe da yawa. A kan dandamali ana so a ɗaga haɓa, a yi murmushi, a buɗe taku yadda na layin baya zai gani. Ta iya wannan ƙwarai, har aka riƙa sa ta a gaba. Yaya Floara ta gan ta a talabijin sau ɗaya, da Divna ta zo hutu ta tare ta tun daga bakin ƙofa.

"Ke, wannan washe bakin na mene ne? Tallan man goge haƙori kike yi?"

"Haka ake so a can, Inna."

"To a can. In kin shigo nan ki bar haƙoranki a mota."

Tana da shekara ashirin da shida ta zaɓi abin da za ta yi digirinta na uku a kai: rawar da ake ba matattu. Ta sha ɗaukarta a kyamara ranar Litinin ta bayan Ista, lokacin da iyalai ke bayarwa a filin gaban coci. Sai dai ranar hayaniya ta yi yawa, ga masu busa, ga kuka, ga yara, ba a jin gogen sosai, ba a ganin ƙafa saboda cunkoso. Tana so ta samu kiɗan shi kaɗai, da mutane kaɗan, a wurin da babu ƙura. Saboda haka muka je a ƙarshen bazara, ni na tuƙa motar, ni na ɗauki ƙafafun kyamara. Muka tarar da Paun a tsakar gidan Yaya Floara yana cin tuwon masara da cuku.

Ta gaya masa abin da take so. Ya lashe cokali ya ce, "Wa za a ba?"

"Babu kowa, Kawu Paun. Ɗauka kawai zan yi."

"To ga akuya can tana kuka, je ki ɗauka. Wannan kiɗan ba a buɗe shi babu suna."

"Kaɗan za ka yi mini. Farkonsa kawai."

"'Yar birni, in kika buɗe ƙofa kika ce 'shigo' ba ki ambaci kowa ba, kin san wanda zai shigo? Ni ban sani ba, kuma ba na son in sani."

Ta fara laluben suna. Kakanta? An ba shi. Kakarta? "An ba ta," in ji Paun, "ni na yi kiɗan, har tsirkiya ta tsinke." Ɗan'uwan Stamena da ya nutse a kogi? An ba shi tun kafin a haife ta. Dangin matata ba sa barin mamaci yana jira.

Paun ya nuna ni da cokali. "Ki ba ubanki mana. Ga shi nan tsaye kamar sandar waya, ba wanda zai ce da rai yake."

Aka yi dariya, har da ni. A Lunka tsofaffin da ba su da mai yi musu sukan yi wa kansu sadakar mutuwa tun suna da rai, su ci su sha tare da baƙinsu, su koma gida hankali kwance. Divna ta san wannan, tana da babi guda a kansa a rubutun digirinta. Ta ce, "To, ni. A ba ni."

Yaya Floara ta daina dariya. "Rufe mini baki."

"Ai ba laifi ba ne, Inna. Tsohuwa Petrija ta yi wa kanta bara."

"Petrija ba ta da kowa, kuma ƙafarta ɗaya tana cikin kabari."

"Ni ma ba ni da miji. Kullum ke kike tuna mini."

Suka ja maganar har abincin Paun ya huce. A ƙarshe Yaya Floara ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta ce in dai za a yi, ba za a yi rabi ba, ba a gidanta ba. Ta kwaɓa burodi, ta dafa alkama da sukari, ta buɗe akwatinta ta fito da tawul-tawul masu ɗinkin fure, ta aika a gaya wa maƙwabta su baro gona da wuri washegari.

Da la'asar aka yi, a filin gaban coci. Divna ce a gaba, da kyandir a kunne da damin ɗoɗɗoya a hannun dama, an rataya mata tawul a kafaɗa. Duk wanda ya shiga layi an ba shi nasa kyandir. Ni ina bayan kyamara, ta gargaɗe ni kada in ɗaga ta daga kan ƙafafun masu rawa. Don haka abin da na gani ƙafafu ne: takalman roba na mata, takalman gona na maza, da nata baƙaƙe na atisaye a gaba. Kiɗan ba na baƙin ciki ba ne, yana da sauri kamar na biki, sai dai ba mai guɗa. Da Paun ya tsaya, sai Divna, da yake ita ce mai bayarwa, ta buga ƙafa a ƙasa ta faɗi suna. Na ji muryarta, da dariya a ƙarƙashinta: "Ya zama na Divna." Suka amsa baki ɗaya, "Allah ya kai mata."

A mota tana ta murna. Sautin ya fito tas, ana jin har numfashin Paun.

A kan wannan ɗaukar ta gina aikinta. Ta rubuta takun da alamomi, ta nuna cewa abin da ake koyarwa a birni da sunan rawar yankinmu an miƙar da shi, an cire masa wata 'yar tangarɗa da ƙafar hagu ke yi, wadda mutanen Lunka ba su ma san suna yi ba. Aka ɗauke ta koyarwa. Ba ta bar dandamali ba sai da gwiwarta ta dama ta ƙi, bayan haka ma takan fito tare da ɗalibanta. Malaman sashensu suna kiranta 'yar rawa, 'yan rawa suna kiranta farfesa, kowanne ɓangare kuma ba yabo yake nufi ba. Takan ce hakan ya yi mata daɗi, don ba mai gayyatarta taron kwamiti.

Na taɓa zama a ajinta. Ta sa an ture tebura zuwa bango, kowa ya cire takalmi. Ba ta yarda ɗalibi ya rubuta komai a kan rawa ba sai ya iya ta da ƙafarsa, ko da muni. Wani dogon saurayi ya ce shi nazari ya zo yi, ba tsalle ba. Ta ce masa, "Madalla. Riƙe ɗamarar wannan, ka yi nazarin yadda za ka daina taka ta." A ranar farko ta kowace shekara takan ba su labarin Paun da akuya, ta rufe da cewa, "Ni dai ta ɓangaren lahira na gama shiri. Ku ne abin tausayi." Su yi dariya. Ni ma a gida in an yi baƙi nakan ce ta ba da labarin, don yana da daɗin ji.

Sau da yawa an roƙe ta ta ɗora rawar matattu a dandamali, da fitilu da kyandirori, an ce Turawan yamma za su so ta. Ta ƙi. Ta nuna rawar aure, ta askin tumaki, ta matasa masu gasa, amma wannan ba ta taɓa fitar da ita ba. In an matsa mata takan ce, "Wa za a ba?" ta canza magana.

Da Stamena ta rasu, Divna ce ta ja mata rawa a Lunka, da gwiwa a ɗaure. Ni na riƙe wutsiyar layi, inda kuskure ba ya cutar da kowa.

Ciwon daji ne, a ciki, kuma ba a gano shi da wuri ba. Ta ci gaba da zuwa aji har ta kasa tsayuwa. Daga nan sai ta riƙa zama a gaban tebur, ta zura hannuwanta cikin tsofaffin takalmanta na atisaye, ta riƙa nuna musu taku a kan katako. Lidija, wadda ta yi karatu a hannunta kuma yanzu take koyarwa a wurinta, ta gaya mini cewa hannun hagun ma yana yin tangarɗar nan. Na koma Belgrade na zauna da ita a ƙaramin gidanta. Mun yi maganar haya, da inda za a kai faya-fayen rawar da ta ɗauka, da wanda zai karɓi kyanwarta. Ba mu yi maganar Lunka ba. An binne ta a Negotin kusa da mahaifiyarta.

Bayan taron jami'a na gaya wa Lidija niyyata. Ta ce ɗalibai za su zo, za su ɗauki bas. Paun ya daɗe da rasuwa, don haka na nemi wasu masu kiɗa daga Negotin, mai goge da mai ganga, waɗanda suka san kiɗan. Na sayi kyandirori da tawul-tawul masu kyau. Na kira Yaya Floara a waya, ta haura tamanin, kunnenta ya yi nauyi. Na ɗaga murya na ce za mu zo Litinin ta bayan Ista saboda Divna, da mutane da yawa. Ta ce mu zo, za ta yi burodi. Ta ɗauka sadakar abinci nake nufi, wadda ake yi wa mamaci a kai a kai.

Mun isa da hantsi. Lunka ta ragu, gidaje manya-manya a kulle, masu su suna Vienna. Amma ranar an dawo, motoci masu lambar waje sun cika hanya. Ɗalibai suka sauko suna canza takalma a gefen bas. Yaya Floara tana zaune a kan benci a tsakar gida, baƙin ɗankwali a kanta. Ta ga mai goge ya shigo da akwatinsa, ta ga kwalin kyandir a hannuna.

"Malam, wannan fa?"

"Rawa zan ba ta, Yaya."

"Wa?"

"Divna."

Ta dube ni kamar na yi magana da yaren da ba ta ji. "Ai an ba ta. Kana wurin."

Na ajiye kwalin. Na ce wancan don kyamara aka yi, don karatu, kowa ya sani. Na faɗa a hankali, dalla-dalla, yadda nake yi wa ɗalibin da ya ɓata tun daga layin farko.

"Kyamara ce ta ci burodina?" in ji ta. "Kyamara ce ta ce Allah ya kai mata?"

"Yarinya ce a lokacin. Dariya take yi."

"Ana dariya a ba da sadaka, sadaka ce. Abinci ka ba ta kullum in kana so, ruwa ka ba ta kullum. Rawa sau ɗaya ce a nan."

Lidija ta durƙusa a gabanta. "Iya, mun zo daga nesa. Ɗalibanta ne duka waɗannan. Wa zai cutu in an sake?"

"Ke ce kika gaji kujerarta? To ki karanta littafinta da kyau." Ta juyo gare ni. "In ka ba ta yau, ka ce ta farko ƙarya ce. Waɗanda suka riƙe kyandir ranar, Paun, Petrija, mijina, yawancinsu suna can tare da ita yanzu. Kai za ka je ka gaya musu wasa suka yi? Kuma in ta farko ƙarya ce, tun hunturu a ina take tsaye?"

Wasu mata biyu maƙwabta da suka shigo gaisuwa suka gyaɗa kai, ɗaya ta ce ita ma tana cikin layin ranar, har yanzu tawul ɗin yana nan.

"Ta sani?" na ce.

"Ta sani mana. Da muka ba uwarta rawa, na ce mata saura ke ki haifi mai ja miki. Ta ce, Inna, kin manta? Ni tawa tana can tana jirana."

Na zauna a ƙarshen bencin. A waje ana jin masu busa sun fara a gaban coci, wani iyali sun buɗe tasu.

"To ni me zan yi mata, Yaya?"

"Babu. Ta gama." Ta ɗora hannu a gwiwata, abin da ba ta taɓa yi ba. "Haka take tun tana ƙarama. Ko igiyar takalmi ba ta bari a ɗaure mata."

Mai goge ya tsaya a bakin ƙofa bai san ko ya buɗe akwati ba. Na tashi zan ɗauki kwalin in mayar mota, Yaya Floara ta taka shi da sandarta.

"Ina za ka kai? Kyandir da aka saya don mamaci ba ya komawa gida."

Ta ce akwai wani Trailo, mai kiwon tumaki a saman tudu, ya rasu kaka biyu da suka wuce. 'Ya'yansa sun zo sun binne shi sun koma, ba su sake zuwa ba, ba wanda ya ba shi rawa. Ban san shi ba. Ta ce na taɓa sayen cuku a wurinsa, ban tuna ba.

"Ga kiɗa, ga kyandir, ga ƙafafu har sun yi yawa," in ji ta. "Mutum yana can a gefe yana kallo."

"Lidija ta ja," na ce.

"Lidija ce ta sayi kyandir? Mai bayarwa shi ke gaba. Tashi, Malam. Ba kyau ake nema ba."

Da la'asar layinmu ya zo. Aka rataya mini tawul, aka ba ni kyandir da ɗoɗɗoya. Lidija ta kama ɗamarata ta hagu ta riƙe da ƙarfi, ɗalibai suka jeru a bayanta, mutanen gari suka shiga tsakaninsu. Layin ya yi tsawo har ya naɗe filin. Da aka fara, ita ce ke tura ni tana jawo ni, ni dai ina ɗaga ƙafa ina saukewa. Na sunkuyar da kai don kada iska ta kashe wutar, sai na ga ƙafafunsu. Yara ne 'yan birni, wasu ba su taɓa zuwa yankinmu ba, amma takunsu ƙanana ne, a matse, kuma duk inda ƙafar hagu ta zo sai ta yi 'yar tangarɗar nan. Wata tsohuwa a gefe ta ce da ta kusa da ita, "Waɗannan 'ya'yan wane gida ne?"

Gogen ya tsaya. Filin ya yi tsit, ana jirana. Na buga ƙafa a ƙasa. Tun daga Belgrade suna ɗaya nake maimaitawa a raina, shi ne a bakina, sai da na haɗiye shi tukuna. Yaya Floara tana kan kujera a bakin fili tana kallona, ba ta taimake ni ba.

Na ce, "Ya zama na Trailo."

Suka amsa, "Allah ya kai masa."

Layin ya warware, mata suka fara rabon burodi da alkama, iyali na gaba suka matso da nasu masu kiɗan. Kyandir ɗina bai gama ci ba, kuma ban san inda ake ajiye shi ba. Na ci gaba da riƙe shi a tsakiyar fili, kakin yana zuba a yatsuna, har Yaya Floara ta taso da sandarta ta zo ta karɓa.